Haƙƙin jini ba na gwamnati ba ne, balle ta yafe shi

A watan Fabrairun 2021, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta samu Dominic Ongwen, ɗaya daga cikin kwamandojin 'yan tawayen LRA na arewacin Uganda, da laifuka 61, daga baya ta ɗaure shi shekara 25. Mutum ɗaya ke nan, wanda shi ma yana yaro aka sace shi, a yaƙin da dubbai suka ɗauki makami. Sauran da suka koma gida, al'ummar Acholi ta arewacin Uganda tana da hanyarta ta karɓarsu da ake kira mato oput: mai laifi ya amsa laifinsa a bainar jama'a, danginsa su biya diyya, sannan ɓangarorin biyu su sha jiƙo mai ɗaci tare.

Haka ma a Ruwanda, bayan kisan ƙare-dangi na 1994, kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya mutum 93 ta tuhuma, alhali kotunan gargajiya na gacaca sun saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012, duk da cewa rashin lauyoyi ya bar ƙofar ƙazafi a buɗe.

Mu a Kano wannan ba labarin nesa ba ne, domin hare-haren 20 ga Janairun 2012 da na Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki a Nuwamban 2014 sun bar marayu da zawarawa a unguwanninmu. Amma da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a 2017, a barikin soja na Kainji aka yi ta, a asirce ma da farko, kuma akasarin tuhumar ta tsaya kan zama ɗan ƙungiya ko taimaka mata. Tubabbu kuwa ana horar da su a Malam Sidi da ke Gombe a sallame su, ba tare da an ji ta bakin waɗanda aka kashe wa iyaye ba.

A shari'ar Musulunci da Bakano ya tashi a cikinta, magadan mamaci ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. A ganina kotun Hague tana da ranarta, musamman kan manyan da kotunan gida ke shakkar taɓawa, tun da a Disamban 2020 Fatou Bensouda, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, ta ce akwai dalilin bincikar Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya baki ɗaya. Sauran shari'un kuwa, a kawo zamansu Kano da Maiduguri, a yi su da Hausa da Barbarci, a kuma kira masu jini su faɗi albarkacin bakinsu kafin a sa hannu kan sakin kowa.