Lissafin mamata kaɗai ba ya nuna nauyin cuta

Duk lokacin da aka tambayi wace cuta ce ta fi addabar al'umma, jami'ai kan garzaya ne ga adadin waɗanda suka mutu. Amsar ba ta cika ba. Ciwon baya da wuya ya kai mutum kabari, amma yakan kwantar da magidanci shekara da shekaru, ya kasa fita neman abin kai wa baka. Mai ciwon damuwa kuwa yana yawo da ƙafafunsa, shi ya sa ba wanda ke sa shi a lissafi.

Wannan giɓin ne masana kiwon lafiya Christopher Murray da Alan Lopez suka so cikewa da ma'aunin DALY, wanda ya fito fili a rahoton Bankin Duniya na 1993. Ana haɗa shekarun da mutuwar wuri ta ɗauke da waɗanda aka shafe cikin jinya ko nakasa. Kowace larura tana da nauyinta tsakanin 0, wato cikakkiyar lafiya, da 1, wato daidai da mutuwa. Da wannan awon aka gano ciwon ƙasan baya ne kan gaba a duniya wajen cinye wa mutane shekaru cikin nakasa.

Ina goyon bayan ma'aunin, amma da sharaɗi. Mutane ne suka tsara shi, kuma ra'ayinsu ya shiga ciki. Da farko ma an fifita shekarar matashi mai aiki a kan ta jariri ko tsoho, sai a binciken nauyin cututtuka na duniya na 2010 aka yi watsi da hakan, kuma daidai aka yi.

Abin da ya fi damuna shi ne tushen alƙaluman. A ƙasashe da dama mutum kan rasu a gida, a binne shi ba tare da an rubuta sanadi ba. Sai a koma tambayar dangi yadda ciwon ya kasance, cibiyar tattara alƙaluman lafiya ta IHME da ke birnin Seattle na Amurka kuma ta cike sauran da ƙiyasin kwamfuta. Ƙiyasin yana da amfani, sai dai ma'aikatar lafiyar da ke raba kasafinta a kansa ya kamata ta ware wani kaso don rajistar haihuwa da mutuwa, da horar da likitoci su riƙa rubuta ainihin sanadin rasuwa a takardar shaida.