Kuza ce ta zana taswirar Jos, kuma ba don mutane ta zana ba

Yanzu da wuya a tashi taron tattalin arziki ba a ambaci ma'adinai ba. Zinariyar Zamfara, litiyom ɗin Nasarawa, wai su ne za su raba mu da dogaro da fetur. Ban ƙi ba. Sai dai Arewa ta taɓa cin wannan kasuwa, kuma shaidar na nan a tsaunukan Filato, inda kuza ta zaɓi wurin da za a kafa gari, ta yanke wanda zai zo, da aikin da zai yi, har da abin da zai sa a bakin salati.

Ba Bature ne ya gano kuza ba. Tun kafin zuwansa mutanen Riruwai da Liruwen Dalma suna wanke ta a rafi, su narka, su zuba ta sirara kamar tsinken tsintsiya, fatake su shiga kasuwanni da ita. Waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja, wato kamfanin cinikin Turawan Ingila, suka gani a bakin Binuwai, suka bi sawu. Wajajen 1903 injiniyan kamfanin, H. W. Laws, ya hau tsaunin da rakiyar sojoji, daga baya Naraguta ta zama sansani. Kafin 1912 kamfanonin Landan sun yi wa yankin caa, masu narkawa na gida kuwa aka yi ta matse su har sana'ar ta mutu.

Yanayin kuzar shi ya tsara aikin. A cikin yashi da tsakuwar kwarin rafuka take kwance, ba ta buƙatar rami mai zurfi ko babban inji a farkon lamari. Diga, shebur, kwano, ruwa, sai mutane rututu. Wani na sara, wani na lodi, layin leburori na hawowa daga rami da kwano a ka, ƙafa cikin taɓo, su juye a magudanar wanki inda ruwa ke tafiya da ƙasa ya bar baƙin garin mai nauyi a ƙasa. Heluma na tsaye yana ƙirga. A tudun da ya haura mita 1,200, da sanyin hunturu, wannan ba aikin da mutum zai bar gonarsa ya zo yi don marmari ba ne.

To ina za a samo mutanen? Birom da Anaguta da Afizere suna da gonakinsu na acca, da farko ba su ga dalilin ɗaukar kwanon wani ba. Haraji ya warware wa kamfanoni matsalar. Da aka ce da tsabar kuɗin Bature za a biya, dole talaka ya nemi inda ake samun sulalla. Sai 'yan cin rani suka kwararo daga ƙasar Kano, Zazzau, Bauchi da Borno, har da waɗanda suka tsallako daga maƙwabtan ƙasashen da Faransa ke mulka. Akawu da makanikai galibi daga Kudu suka zo. Turawa suka ware nasu mazaunin. Haka Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi da Gindin Akwati suka cika. Inda lebura ya sauka kuwa mahauci zai biyo, da mai tuwo, da tela, da malamin allo, da ɗan caca mai jiran ranar biya. Hatsi daga nesa ake kawo shi, don tudun ba zai iya ciyar da wannan taro ba. Itacen girki matan ƙauyuka ke ɗaukowa a ka, har 'yan itatuwan da ke akwai suka ƙare.

A dubi hanyar jirgi ma. Da farko a kan 'yan dako da jakuna ake kai kuza Loko, a zuba a jirgin ruwa. Sai aka shimfiɗa siririn dogo daga Zariya, ya isa Bukuru a 1914. Sunansa na Bauchi ne, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba, don a can babu abin ɗauka. A 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan, ya haɗa ta da kwal ɗin Inugu da tashar Fatakwal. Ƙaramin ya rage amfani, aka rufe shi a 1957. Wutar lantarkin Kurra ma don injinan haƙa aka samar da ita. Kuɗin fa? Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a 1900, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99, sai daga baya aka fanshi alkawarin. Babbar masana'antar narka kuza ta Makeri kuwa ba ta samu ba sai farkon shekarun 1960.

Inda fuskar tsarin ta fito fili shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai aka juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna: a ɗora wa hakimai da dagatai adadi, su tattaro samari na dole. Dubun-dubatar mutane aka kwaso, da yawa daga ƙasashe masu zafi, babu isasshen abinci, babu bargon kirki. Ciwon huhu ya kashe na kashewa, masu ƙarfin ƙafa suka gudu.

Wani zai ce, ai duk da haka kuza ta gina Jos. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Gari ya samu wuta da dogo da makarantu da asibitoci tun da wuri, ya zama mahaɗar ƙabilu da ake alfahari da ita. Iyalai da yawa a nan suka yi arziki, jikokinsu ba su san wani gida ba. Amma duk abin da aka gina, da ma'aunin kuza aka auna shi. Abin da bai shafi fitar da ita ba, an bar shi a rataye. Babba a ciki shi ne maganar ƙasa: an karɓi gonakin wasu da diyya 'yar kaɗan, an zaunar da wasu a kai tsara bayan tsara, ba a taɓa zama an fayyace haƙƙin kowa ba. Ba na cewa kuza ce kaɗai ta haifi rikicin 2001 da na 2008, siyasa da son zuciya sun taka tasu rawar. Amma gardamar ɗan ƙasa da baƙo a barikin kuza ta samo saiwa. Da farashi ya faɗi warwas a 1985, harkar da ma ta daɗe tana tangal-tangal, sai aka bar jama'a da kududdufai da gonakin da ba sa nomuwa.

Abin da ya sa nake ɗari-ɗari da murnar yau ke nan. Har gobe ma'adinin ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, manomin da ke samansa ba shi da ta cewa sosai. Har gobe galibi ɗanyen dutse ake lodawa a fita da shi. A 2010 gubar dalma daga sarrafa zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin, ya kuma gyara filin bayan ya gama. To a buga waɗannan yarjejeniyoyi da harshen mutanen wurin, a karanta su a gaban dagaci da jama'a, kuma kuɗin cike rami a ajiye shi a asusu tun kafin katafila ta shiga gona.