An dasa wa Baba ƙoda, sakamakon gwajin jini kuma sai an ga dama

Wai don Allah, a garin Jos wa ke sa ido a kan ɗakunan gwajin jini masu zaman kansu? Ina tambaya ne saboda akwai wani da ya mayar da mu abin wasa, kuma ran mahaifina ne a tsakiya.

An yi wa Baba dashen ƙoda a Abuja, ƙanena ne ya ba shi tasa. Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Sai dai wanda bai taɓa jinyar mai dashe ba, gani yake da an fito daga tiyata shi ke nan. Ina! Jiki bai san ƙodar ɗa ba, bai san ta baƙo ba, duk abin da ba nasa ba yaƙarsa yake yi. Shi ya sa har ƙarshen rayuwarsa Baba zai riƙa shan magungunan da ke danne garkuwar jiki: takrolimus, maikofenolet da firednisolon. Takrolimus ɗin nan shi ne mai rigima. In ya yi ƙaranci a jini, jiki ya far wa ƙodar. In ya yi yawa, shi da kansa ya lalata ta, ga rawar hannu, ga hawan jini, ga suga. Tsakanin "bai kai ba" da "ya wuce" ɗan taƙi ne, kuma likita ba zai gane da ido ba, sai an auna jini.

Awon kuma yana da ƙa'ida. Baba yana shan maganin ƙarfe 8 na dare da 8 na safe, don haka sai a ɗebi jinin awa 12 bayan na dare, kafin ya haɗiyi na safe. Mun faɗa wa masu ɗakin gwajin, mun rubuta musu, likita ma ya rubuta a takarda. Mukan fito daga Anguwan Rogo cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, dattijo ya sha rigar sanyi da hula, mu isa kafin takwas. Sai mu tarar da mai shara kaɗai. "Hajiya, ki yi haƙuri, mai ɗiban jinin yana hanya." Tara ta yi, yana hanya. Goma ta gota, yana hanya. Magani yana cikin jakata, ba halin in ba shi don kada awo ya ɓaci, ba halin in hana shi don lokaci na wucewa. Ranar da na ɗaga murya, wata ma'aikaciya ta ce min, "To ki ba shi ya sha mana, ai duk jini ne." Duk jini ne! Mutumin da ke karɓar kuɗin gwajin bai ma san abin da ake gwadawa ba.

A wannan jiran kuma, benci ɗaya ake zaunar da shi da masu tari da masu zazzaɓi. Mutumin da aka danne wa garkuwar jiki da gangan, wanda murar da za ta bar ni cikin kwana uku za ta iya kwantar da shi a asibiti. Na roƙi a ba shi kujera a gefe, aka kalle ni kamar na nemi a ba shi sarauta.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan batun sakamako. Ba a nan suke yin gwajin ba, turawa suke yi wani gari, wanda ba laifi ba ne in da sun faɗi gaskiyar ranar da zai dawo. Sukan ce kwana uku. Mako ya zagayo, shiru. Ka kira, a ce netwok. Ka sake kira, a ce mai mota bai kai ba. Akwai lokacin da bayan dogon jira aka ce jinin ya lalace a hanya, mu dawo a sake ɗiba, kuma mu sake biya. Wa ya lalata shi? Ni ce na ɗauke shi a mota? Likitan da ke Abuja yana jiran lambar nan don ya san ko zai ƙara magani ko zai rage, ga awon aikin ƙodar ya ɗan motsa, kowa hankalinsa a tashe. Sakamakon da ya zo bayan mako biyu labarin jinin da ya wuce yake bayarwa. Ƙarshenta sai mu ɗauki tsoho mu bi Hawan Kibo, mu ratsa Akwanga da Keffi, a yi awon a can, mu biya mota, mu biya masauki.

A shekarar 2000 aka fara dashen ƙoda a ƙasar nan, a Legas, Kano ta bi baya a 2002. Sama da shekara 20 ke nan. A ce har yau a babban birnin jiha ina fama da wanda zai ɗebi jini a kan lokaci?

Ga kuɗin magani. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, magungunan nan kuma daga waje ake shigo da su. Abin da muke kashewa a wata ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau biyu. Na je wurin masu inshorar lafiyar da ake cirar min kuɗi duk wata dominta, suka ce wannan ba ya cikin tsarinsu. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Madalla, mun ɗanɗani wahalar wanki, ba ma baƙin ciki da kowa. To amma wanda ya sayar da fili ya yi dashe, ya bar wa wani gurbi a kan injin, shi laifin me ya yi? Mu dai ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba.

Shi ma mai kantin magani da nasa salon. Yau wannan kamfani, wata mai zuwa ya miƙo na wani ya ce duk ɗaya ne. Likita ya gargaɗe mu cewa in an sauya, sai an sake awo. Wato a sake komawa hannun mutanen can.

'Yan uwa kuwa, Allah ya saka musu, sun yi karo-karo lokacin aiki. Yanzu abin da ke zuwa shi ne jiƙo da sassaƙe. Gwaggo ta zo da gora cike, wai yana wanke ƙoda. Kawu ya ji Baba na kukan gwiwa, ya biya kemis ya sayo masa diklofenak, maganin da likita ya hana shi ko kusanta. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zai sha ba." Har yau yana gaya wa dangi wai boko ya sa na raina manya.

Su dangi zan iya da su. Ku masu ɗakin gwaji, in ba za ku iya buɗewa ƙarfe bakwai da rabi ba, ku faɗa. In ba ku da hanyar kai jini da sanyinsa, ku daina karɓar wannan gwajin. Kuɗin jinin da ya lalace a hannunku kuma ina nan zuwa karɓa, rasit ɗina na nan a ajiye.