Jan ƙarfen jiki ba daga munduwa yake zuwa ba

A kasuwar Garwa na sha jin masu sayar da munduwar jan ƙarfe suna cewa tana shiga jini ta warkar da ciwon gaɓoɓi, wai ai jiki ma yana amfani da jan ƙarfe. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa take ruɗar mutane.

Akwai wani inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) a hanjinmu, dayamin oksides, mai wargaza histamin da ke shigowa da abinci, wato sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi. Da masana suka hasko siffarsa, sai aka ga tagwaye ne manne da juna, kowanne ɗauke da ƙwayar jan ƙarfe guda tak, can cikin wani lungu, sinadaran histidin (tubalan ginin furotin) uku sun riƙe ta daram. Tun lokacin da ƙwayar halitta ke ƙera inzayim ɗin ake dasa jan ƙarfen a wurin. Koren da munduwa ke bari a hannu tsatsa ce da gumi ya jawo.

Baligi na buƙatar ƙasa da miligiram ɗaya na jan ƙarfe a rana, kuma hanta, gyaɗa, wake da riɗi sun wadatar. Abin da ke damuna, dattawa na jinkirta zuwa asibiti saboda munduwar nan.