Ranar da Bakabe Ya Sha Bahar Maliya

Shekarata goma sha tara a Jidda, kuma babu wanda ya taɓa zama majalisar ƙofar shagon ɗinkina bai ji cewa ni Bakabe ne ba. Da an ambaci kifi sai in gyara zama: mu ne 'yan Argungu, mu ke da Matan Fada, tun 1934 ake bikin kamun kifi a garinmu, kada ma gaishe mu yake yi. Abin da ban taɓa ƙarawa ba shi ne ina ɗan shekara shida aka kai ni Fagge, kuma tun daga lokacin ruwa mafi zurfi da na shiga shi ne na bokitin wanka.

Ɗan ƙanwata ne ya ja mini. Haihuwar nan ne, rabin Hausarsa Larabci. Tun da aka yi tseren share fagen Kofin Amurka na jiragen iska a Jidda a ƙarshen 2023, wanda 'yan Niyu Zilan suka lashe, yaron nan ba shi da zance sai na teku. Ya shiga wani kulob a Ubhur, can arewa da gari, inda teku ya kutso cikin tudu kamar kogi. Kwale-kwalensu na mutum biyu ne, babu inji, sai ƙyalle da iska. Wani dare ya zo yana cigiyar wanda zai maye gurbin abokin tafiyarsa da zazzaɓi ya kwantar. Akwai wani Bakatsine, abokin wasana, da ba ya so ya ga na zauna lafiya. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ga Sarkin Ruwa zaune a gabanka kana yawon neman mutum?" Majalisa ta yi tsit. Na ce ai ƙaramin aiki ne.

Ranar Asabar na isa cikin farar jallabiya mai guga da takalmin fata. Mai kula da tsaro ya dube ni sama da ƙasa, ya sa aka aro mini gajeren wando, ya rubuta sunana a takardar masu fita, ya ce in na dawo in sake sa hannu don a san ba a bar kowa a ruwa ba. Sannan ya miƙo rigar kariya. Na ce masa mu a gidanmu gadon ruwa muka yi. Ya ce madalla, amma ba riga ba jirgi. Na saka. Sai dai madaurinta ya ƙi jituwa da tumbina, don haka da ya juya baya na sassauta shi.

Yaron ya yi mini karatu a bakin ruwa. "Kawu, kada ka naɗe igiya a hannu. In mun kife, kada ka rabu da jirgin ko da gaɓa na kusa, don shi ake hangowa daga nesa, kan mutum ba ya ganuwa. Kuma ka ga wannan sandar da ke kwance ƙarƙashin ƙyallen? In za mu juya tana tsallakowa da ƙarfi. Zan yi maka magana, ka sunkuya." Ya ce sunanta bum. Na gyaɗa kai irin na babba da ake koya wa abin da ya sani.

Ana busa ƙaho saura minti biyar a fara tseren, a sake a saura huɗu, sannan saura ɗaya. Kowane busu sai in ce mu tafi an bar mu, shi kuma ya ce da saura. Da aka fara kuwa, wallahi akwai daɗi. Iskar arewa ta la'asar ta cika ƙyalle, muka wuce jirage biyu, har na ɗaga wa wani Bature hannu. Wani jirgi ya nufo mu, yaron ya kauce masa, na ce me ya sa ka ji tsoro. Ya ce doka ce, wanda iska ke shigo masa ta dama shi ke da hanya. Na ce a Kano mai ƙarfin hon ne ke da hanya.

Muna kewaya tulun alama na biyu sai na ji yaron nan, wanda ni na yanka ragon sunansa, ya daka mini tsawa: "Kai! Kai!"

Na miƙe zaune na juyo. "Ni kake ce wa kai?"

Ashe kaina yake nufi. A nan na gane dalilin sunan sandar.

Da na faɗi gefe, hannuna na naɗe da igiyar da aka ce kada in naɗe, sai na tafi da jirgin gaba ɗaya. An ce gishirin Bahar Maliya ya kai giram arba'in a lita guda, ya fi na yawancin tekuna. Ni ban auna ba, amma na ɗanɗana sosai. Rigar da na sassauta ta haura ta toshe mini kunnuwa, ita tana sama ni ina leƙowa ta wuyanta kamar kunkuru. Duk da haka ita ce ta riƙe ni, don Kabancina bai ko motsa ba. Na warware igiyar da ƙyar, na hango gaɓa, na fara dukan ruwa ina kalmar shahada. Yaron ya riƙo ƙeyar rigar ya ce, "Kawu, don Allah kama jirgi!" Na rungume jirgin yadda ban taɓa rungumar kowa ba.

Muna nan wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba ta zo wucewa ita kaɗai cikin ɗan jirginta mai kama da kwamin wanki. Ta tambaya da Larabci ko baba lafiya yake. Na ce hutawa nake yi.

Ɗan ƙanwata ya taka allon da ke fitowa ta ƙarƙashin jirgin, ya jingina da nauyinsa, jirgin ya tashi tsaye kamar ba a yi komai ba. Ni ne na gagara. Sai da jirgin ceto ya zo, mutum biyu suka ɗaure madaurin rigar da kyau, suka ce ɗaya, biyu, uku, suka jefa ni ciki a rub da ciki. Wayata, wadda aka ce in bari a akwati na ƙi, tana can wajen murjani.

Uwargida ta dubi ƙulun goshina ta ce, "Malam, kadan ne ya gaishe ka?" Ban tanka ba.

Kwana uku na rufe shago da wuri. A na huɗu na fito, na tarar hoton ɗago ni ya riga ni isa majalisa ta WhatsApp. Bakatsinen ya matsa mini a kan benci da ladabi, ya zuba mini shayi da hannunsa, sannan ya tambayi yaron a hankali: "Wannan giwan ruwan da kuka kamo, kilo nawa ya yi a sikeli?"