Layi 640 a Fankshin Ɗaya? Ƙannena, Ku Ji Tsoron Allah

Jiya bayan la'asar, a nan Birnin Kebbi, wani ƙanenmu ya zo mini da laftof ɗinsa idonsa ya yi ja. Ya rubuta wa wani mai injin casar shinkafa manhajar sayar da kaya da fitar da rasit. An yi watanni ana aiki da ita lafiya, sai lissafi ya fara ƙin daidaita: abin da ke kan rasit daban, abin da rahoton yamma ke nunawa daban. Har Alhajin ya fara zargin yaron shagonsa da taɓa kuɗi. Na ce, buɗe mu gani.

Ya buɗe, na fara gangarawa ƙasa. Na gangara har yatsana ya gaji, fankshin ɗin, wato gungun layukan umarni da ake raɗa wa suna don ya yi wa manhaja wani aiki, bai ƙare ba. Layi 640, fankshin ɗaya tilo, kuma sunansa "aiki". A cikinsa ake karɓar abin da mai saye ya ce yana so, a duba buhu nawa ya rage a sito, a lissafa kuɗi, a cire rangwamen dillali, a rubuta bashi, a ajiye a rumbun bayanai, a buga rasit, a tura wa Alhaji saƙon waya. Na ce masa, "Kai ka rubuta wannan?" Ya ce, "Ni ne, Yaya, ai kuma yana aiki." Wallahi wannan kalmar ta "yana aiki" ita ta fi ɓata mini rai.

Mun kai isha'i kafin mu gano matsalar. Lissafin rangwame ya kwafe shi ya liƙa a wuri uku cikin fankshin ɗin nan. Da Alhaji ya rage rangwamen, sai ƙanen namu ya gyara wuri biyu ya manta na ukun, wanda ke can ƙasa wajen layi na 500. Shi ke nan. Saura kaɗan a kori bawan Allah daga wajen neman abincinsa, a ɓata masa suna a unguwa, saboda wani ya ƙi raba aikinsa gida-gida. Wannan haƙƙin mutum ne, ƙannena, kuma za a tambaye mu.

Taura biyu ba ta taunuwa, ballantana takwas. Ko a injin shinkafar ai mai turarawa daban, mai shanya daban, mai casa daban, mai awo da ɗinke buhu daban. In shinkafa ta fito da tsakuwa, an san wa za a tambaya. To me ya sa kai za ka ɗora wa fankshin ɗaya duk aikin gidan? Ma'ajiyar da ya kira "total", inda manhajar ke riƙe jimillar kuɗi, na ƙirga an taɓa ta a wuri goma sha ɗaya. Wane ɗan Adam ne zai riƙe wannan a ka? Ga "if", wato sharaɗin "in kaza ne yi kaza", cikin "if" cikin wani "if", hawa bakwai, har rubutun ya zame ya fice ta gefen dama na allo, sai ka ja kafin ka ga ƙarshen layi.

Kada ku ɗauka tsaurin raina ne ni kaɗai. Masu rubuta cibiyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, sun rubuta a ƙa'idarsu cewa fankshin ya zama gajere, ya yi abu ɗaya, ya tsaya a cikin allo ɗaya ko biyu na layi 24, ma'ajiyoyinsa kada su wuce biyar zuwa goma, kuma in ka shiga ciki fiye da hawa uku to tsarinka na buƙatar gyara. Tun 1976 wani masanin manhaja, Thomas McCabe, ya fito da hanyar ƙirga rassan da ke cikin fankshin, ya ba da shawarar kada su haura goma. Lissafin a fili yake: "if" goma da ba su dogara da juna ba suna iya haifar da hanyoyi 1,024. Wa zai gwada su duka? Kamfanin Apple ma, a Fabrairun 2014 aka bayyana cewa layi ɗaya ne da aka maimaita, "goto fail", ya sa wayoyin iPhone ke tsallake wani mataki na tantance amincin shafukan intanet. Layi ɗaya da ido ya wuce. In haka ta samu Apple, ina ga layinka 640 da ba wanda ya taɓa dubawa sai kai?

Na san amsar da ake bayarwa: "In na taɓa zai lalace." To ai wannan tsoron shi ne shaidar cutar. Garin neman gira kake tsoron rasa ido, don ba ka san wace jijiya ce ta haɗu da wace ba. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Yanko guntun da ke yin abu ɗaya, ka fitar da shi, ka raɗa masa suna mai ma'ana irin "lissafa_rangwame", ka gwada ka ga sakamako bai canza ba, sannan ka matsa gaba. Manhajojin rubuta kod irin su VS Code da PyCharm duk suna da wannan a jikinsu, zaɓar layukan kawai za ka yi. Ko wannan ma an kasa.

Kuma bari in faɗi wata da ke ci mini tuwo a ƙwarya: masu kwaso kod daga ChatGPT su zuba a tsakiyar fankshin ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba. Da haka ne layi 80 ke zama 600. Ga masu sanya suna "x", "a1", "data2", kamar ana sayar musu da haruffa. Ga wanda bai san Git ba, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod, sai fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaskiya". Mutum zai kwana yana zazzaga bidiyo a TikTok, amma minti talatin na gyara aikin da aka biya shi kuɗi a kai ya gagare shi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina faɗa ne don ina son ku, don kuma na ga hazaƙa a yaran nan namu na Kebbi, daga Argungu har Yauri da Zuru. Abin da ya ɓace mana shi ne kunyar aiki. Lokacin da muke koyo, sai ka zana tsarinka a takarda kafin a bari ka taɓa kwamfuta, don awa ake biya a kafe kuma wuta ba ta da tabbas. Malami zai duba takardar, in ya ga ka cusa komai wuri ɗaya ya mayar maka ka sake. Tela ma a da yakan juya riga ya nuna maka cikinta, don ɗinkin ciki shi ke nuna gwani. Yau an iya ƙawata fuskar manhaja da launi, ciki kuwa kamar ɗakin da aka yi shekara ba a share ba.

Yaron nan dai na ce ya fara zuwa ya faɗa wa Alhaji gaskiya, ya wanke yaron shago, sannan ya dawo ranar Asabar mu zauna mu fara yanka fankshin ɗin. Ya ce to, Yaya. Da zai fita sai ya juyo ya tambaye ni ko ba zai yiwu a gyara layin nan ɗaya kawai a bar sauran yadda suke ba.