Ƙannena Mawaƙa, Ku Ɗaure Kanku Tukuna

Ƙannena masu sha'awar waƙa, ina yawan jin kukanku wai basira ta toshe, alhali kwamfutar situdiyo ta tara muku sautin kusan kowane abin kiɗa. To ai nan cutar take. Wanda aka ce wa ya yi duk abin da ya ga dama, kwana zai yi yana sauya kiɗa bai rera baiti ko ɗaya ba.

Ku dubi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak. Ba shi da tarin kiɗan da zai fake a bayansa, dole maganar bakinsa ta yi nauyi, kuma ta yi.

Har gobe ana mamakin yadda marigayi Mamman Shata ya riƙa ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a. Baiwa ce, ba musu. Amma ku saurara da kyau: kalangu ya riƙe kari, 'yan amshi na maimaita abu guda, a ɗan tsakanin nan ne yake shirya abin da zai faɗa gaba, kuma tsawon maganar an riga an yanka masa shi. Ƙwaƙwalwa ta fi sauri idan ta san iyakar inda za ta nema.

Haka abin yake a rubutacciyar waƙa. In ka ɗauki amsa-amon "ra", kalmomin da za su rufe maka baiti sun ragu ƙwarai. Kana cikin lalube sai ka ci karo da kalmar da ba ita ka nufa ba, ita kuma ta janyo ma'anar da ta fi taka ta farko. Masu tahamisi sun fi kowa shan wannan ɗauri: baitin wani mai ɗango (wato layi) biyu za su ƙara wa uku, ba su taɓa karinsa ba, ba su kauce wa manufarsa ba. Wasunku ko ƙwar biyu, wato waƙa mai ɗango biyu a kowane baiti, ba su taɓa gwadawa ba, amma suna raina ta, wai tsohon yayi.

Saboda haka kafin ku biya kuɗin situdiyo, ku zaɓi jigo ɗaya, kari ɗaya, amshi ɗaya, ku rera da tafi kawai. Ku kula kada launin waƙar ya murɗe karin sautin kalmomi har mai sauraro ya ji wata magana daban, domin na'urar gyaran murya ba ta gyara wannan.